Ga ƙanwata da barci ke sacewa a kan kujerar aiki

Ƙanwata, kin ce barci na sace ki a bakin aikinki na ma'aikaciyar jirgin sama lokacin sauka, kuma kina tsoron rubuta rahoto kar a ce raguwa ce ke. Wallahi sai na ji kamar ni na rubuta.

Ni a jigilar alhazai abin ya same ni, dare uku a jere tsakanin Yamai da Madina. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ina zaune bakin ƙofa, ɗaure da bel, ban farka ba sai da tayoyi suka daki ƙasa. Ni da aka ajiye don buɗe ƙofar nan in wani abu ya faru! Wata tsohuwar hajiya tana kallona da carbi a hannu, ta ce, "Sannu 'yata, kin sha aiki." Da na faɗa wa shef ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan cikin jirgi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce kowa ma a gajiye yake. Washegari sunana na kan jadawali. Har yau in na tuna muryarsa raina ɓaci yake, don ya san ba ƙarya nake ba.

Ki rubuta rahoton. Amma ki tafi da lamba, "na gaji" kawai ba ya motsa shugabanni. Ma'aunin gajiya na Samn-Perelli daga 1 (kina garau) zuwa 7 (kin gaji tilis) ne. Ki riƙa sa wa kanki maki a ɗan littafi kafin a fara gangarowa, da awannin da kika yi barci. In 6 ta yi ta maimaituwa, hujja ce. Tsakanin ƙarfe 2 da 6 na asuba jiki ke macewa, kuma awa 17 ba barci na rage hankali kamar wanda ya ɗan sha giya. A Mangalore ta Indiya, 2010, mutum 158 suka rasu a hatsarin jirgin sama, kuma bincike ya nuna kaftin ɗin ya daɗe yana barci kafin saukar.

Kuma gida ma da laifinsa. In na dawo Damagaram, a Birni ba wanda ya yarda barcin rana ba lalaci ba ne: ga baƙi, ga suna, ga zafin Afrilu. Ki roƙi Inna ta tsare miki ƙofa, ki toshe taga da bargo, ki bar shayi mai kauri tun kafin ki sauka. Don Allah kar ki tuƙa kanki daga filin jirgi, ki sa a zo a ɗauke ki.