Amsa ga Maman Hamza kan malamar da ke ba yara takarda da kala

Assalamu alaikum 'yan gida, ina wuninku, ya yara. Yaya Maman Hamza, tun bayan azahar na ji muryar da kika ajiye, sai yanzu na samu zama. Kin ce ɗan ƙanenki da aka kawo muku daga wajen Gidan Rumji wata huɗu ke nan bakinsa ya mutu, daga "i" sai "a'a", ga fitsarin kwance ga firgita cikin dare. Aka tura ku wurin wata malama, ita kuma ta miƙa masa takarda da fensir masu kala ta koma gefe ta zauna. Kika ce wannan magani ne ko wasa, ko ku daina ɓarnar kuɗin kabu-kabu.

Don Allah Yaya kada ku daina.

Kin san a 2019, lokacin da mutanen Zamfara da Sakkwato suka fara tsallakowa nan Nijar saboda 'yan bindiga, na yi aikin tafinta wurin irin wannan malamar. Bazabarma ce, Hausarta ba ta nuna ba, shi ya sa aka haɗa mu. Ni ma ranar farko raina aikin na yi, wallahi. Na ce yara sun ga jini, an kawo musu kala? Ashe ita ilimin halayyar ɗan Adam ta fara karantawa a Yamai, ta yi shekaru tana sauraren masu damuwa da masu firgici, sannan ta fita waje ta ƙaro horo kan jinya ta hanyar zane. Abu biyu ke hannunta, ta san yadda ake zama da mai ciwon rai, ta kuma san kayan zane. A Ingila da Amurka ma sai mutum ya yi digiri na biyu ya yi aiki ƙarƙashin kulawar manya kafin a kira shi mai jinya ta hanyar zane. Aikin ya daɗe, ita ta ba ni labari. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa masa suna a 1942. Tarin fuka ya kwantar da shi, ya ga zanen da yake yi a gadon jinya yana rage masa ƙunci, sai ya shiga koya wa sauran majinyata. Akwai kuma Edith Kramer da ta fara da 'ya'yan 'yan gudun hijira a Turai kafin yaƙin duniya na biyu. Kin ga tun asali akwai irin yaronmu cikin waɗanda aka fara da su.

Bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Akwai wani yaro, bai fi shekara tara ba. Mako uku baƙin fensir kaɗai yake ɗauka, yana dannawa yana dirzawa har takardar ta huje. Ni hannuna har ƙaiƙayi yake in ce masa kai, yi a hankali. Sai ta girgiza mini kai, ta zaro wata takardar ta tura gabansa. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. A mako na huɗu ya zana rumbu, da wani ɗan ɗigo a cikinsa. Ta ce in ce masa, "Ba ni labarin wannan." Kin ji, ba ta ce mene ne wannan ba, ba ta ce wa ya zo garinku ba. Yaron ya daɗe yana kallon ƙasa, can ya aza yatsa kan ɗigon ya ce, "Nan na ɓuya." Yaya, sai da na haɗiye kuka kafin na iya fassara mata. Uwarsa ma ba ta san cikin rumbu ya kwana ba.

Abin da ya fi ƙarfin baki hannu na iya fitar da shi, kuma in ya sauka kan takarda yaro na iya kallonsa daga nesa, ya rufe shi, ya ninke shi, ya ce ya isa yau. Shi ke riƙe da linzami. Malamar ba boka ba ce, ba ta duba zane ta ce ja na nufin kaza. Ma'anar tana wurin mai zanen, ita jira take har ya faɗa da kansa.

Na ji wata ta yi maganar ko zanen mai rai ya halatta. Wannan a tambayi malamai, amma ita ban taɓa ganin ta tilasta wa yaro zana mutum ba. Wasu gida suke yi, wasu ganye, 'yan mata da yawa zanen lalle suke yi, wasu yumɓu take ba su suna murzawa. Addu'a da tofi kuwa ku ci gaba, ba ta hana kowa ba. Amma in kin ga ya fara faɗuwa yana shure-shure, ko ya ƙi abinci kwata-kwata, ko yana jin muryoyi, ko yana maganar mutuwarsa, nan sai likita, ita kanta can take turawa.

A gida kuma, in ya dawo da takarda kada a taru a kansa ana me ka zana. Kada Hamza da ƙannensa su yi masa dariya. Kada ki ɗauki hoto ki turo nan, sirrinsa ne. Ki samo masa leda ko tsohon kwali da zai riƙa ajiyewa, kowa ya san ba a taɓawa. Ranar da ta ba ku kuma ku riƙe ta, rana ɗaya lokaci ɗaya, domin yaron da aka tashe shi tsakar dare da harbi yana so ya san abin da gobe za ta zo da shi.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan biyo ta unguwar Ali Ɗan Sofo bayan la'asar, ina da sauran takardu da fensir, zan kawo masa. Kada ki gaya masa don me, ki ce kawai Inna ce ta zo gaisuwa. Ki gaida Baban Hamza.