Amsa ga Alhajin da burodinsa ke yin fumfuna

Alhaji, Allah Ya sa albarka a sana'a. Tambayarka ta taɓa ni, domin abin da ka faɗa, wai burodi na yin fumfuna kwana biyu da gasawa, ga wata kwastoma ta ce yaranta sun yi amai bayan cin mit-fai, duk na sha shi. Ka ce ko ka ƙara maganin hana lalacewa a kwaɓi. Don Allah kar ka fara daga nan. Zafin obin yana kashe fumfuna, burodi na fitowa kusan tas. Abin da ke hawa kansa yana hawa ne a wurin shanya, a injin yanka, da hannun masu sa leda.

Ni wani babban ma'aikacina ne ya kusa rufe min gidan burodi. Mutumin da na ɗauko ba shi da komai, na ba shi ɗaki, na riƙe shi kamar ƙanina. Ashe karkare ya fito masa a yatsa, yana ta fitar da ruwa, ya ɗaure da tsumma ya ɓoye min don kar a ce ya zauna gida. Da wannan hannun ya yi ta damƙar naman mit-fai na wata walima, aka bar shi a zafi tun safe. Kafin isha'i waya ta fara shigowa. Amai, murɗar ciki, har da wata tsohuwa da aka ƙara wa ruwa. Uwar amarya ta zo ƙofar gidana da kanta, wallahi har yau ba na son tuna kalaman da ta faɗa min a gaban yarana. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa ya yi ai an gasa, wuta ta kashe komai! Ko haƙuri bai ba ni ba.

Likitan da ya duba su ne ya yi min bayani. Ƙwayar Staphylococcus aureus tana zaune a hanci da fatar kusan mutum 1 cikin 3, kuma galibi ita ce ke cikin mugunyar miki. In ta samu abinci mai ɗumi sai ta zuba dafi, wuta na kashe ƙwayar amma ba ta lalata dafin. Shi ya sa aman ke zuwa da wuri, daga minti 30 zuwa awa 8.

Ka shiga ba zato ka ga yadda yaranka ke buɗe leda. Da yawa hura ta suke yi da baki, ko su lasa yatsa. Ka hana. Kuma kar a ƙulle burodi da ɗuminsa, gumin da ke taruwa cikin leda shi ke kawo fumfunar. Mai karɓar kuɗi kar ya taɓa burodi. Sabulu a bakin makewayi, buta kaɗai ba ta isa ba, su wanke hannu na daƙiƙa 20.

Mai gudawa ya zauna gida har awa 48 bayan ta tsaya, amma ka biya shi kuɗin ranakun, Alhaji. In kana yanke musu, ɓoyewa za su yi. Kuma ka daina yarda da wanda ake kawo maka don ɗan wane ne. Gwajin lafiyar masu abinci ka kai su duk wata 6, kar ka jira duba-gari su zo. Injin yankan nan naka, yaushe rabon da a kwance wuƙaƙensa a wanke?