Kwana goma sha huɗu a gida: barci ya ƙaurace mini, ƙirjina yana ɗaurewa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya da iyalina da yara biyar. A wannan watan na Afrilun 2020 an samu abokin cinikina da cutar korona, sai ma'aikatan lafiya suka ce in killace kaina a gida kwana 14. Yau kwana biyar ke nan. Ba ni da zazzaɓi, ba na tari, amma barci ya gagare ni, zuciyata na bugawa da ƙarfi, wani lokaci sai in ji kamar numfashina zai ɗauke. Abu kaɗan yara za su yi in hau su da faɗa. Ba kasuwa, ba masallaci, ba fada, maƙwabta ma sun daina leƙo mu. Shin cutar ce ta kama ni, ko raunin imani ne, ko kuwa hankalina ne ya fara taɓuwa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ba abokin naka lafiya, Ya tsare ka da iyalinka.

Abin da ka lissafa ba taɓin hankali ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Mutumin da ya saba daga masallacin asuba ya wuce rumfarsa, ya gaisa da mutum ɗari kafin azahar, ya yi ciniki, ya yi musu, ya sha shayi a fada bayan isha'i, rana ɗaya aka ce ya zauna a ɗaki yana jiran ko cuta za ta bayyana a jikinsa, dole jikin ya nuna. Kuma abin ya zo kan wani nauyin: a watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ciniki ta Ɗan Isa da Jibiya ya ja baya, sannan ranar 19 ga Maris na 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar, aka rufe makarantu, aka dakatar da sallar jam'i. Duk abubuwan da suke raba maka yini kashi-kashi an janye su lokaci guda. Maganin yana cikin sake gina yinin nan da hannunka.

Amma mu fara da ƙirjin, don shi ne ya fi tsorata ka.

Idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki sinadarin da ke shirya shi gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, naman ƙirji da na wuya su ɗaure, numfashi ya zama gajere yana fita da gaggawa. Wannan saurin numfashin yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ne ke kawo jiri, da jin yatsu da leɓɓa suna tsira-tsira kamar ana soka allura. Mutum ya ji haka sai ya ƙara tsorata, ya ƙara haki, abu ya zagayo. Irin wannan firgicin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti 10, sannan ya sauka da kansa. Yana zuwa ne galibi kana zaune ko kana kwance kana tunani, kuma in aka ɗauke maka hankali da hira ko ka tashi ka taka, sai ya lafa.

Sarƙewar numfashi ta cutar huhu ba haka take ba. Ba ta tafiya don an yi maka hira, motsi ƙara ta yake yi, kuma tana yawan zuwa da zazzaɓi ko busasshen tari. Saboda haka ka samu ma'aunin zafin jiki a farmasi, ka auna sau biyu a yini, safe da yamma, ka rubuta a takarda. Sau biyun ya isa. Mai aunawa kowace awa tsoronsa yake ciyarwa. In zafin ya kai 38, ko tari ya fara, ka kira ma'aikatan da suke bibiyarka a ranar, kada ka hau kabu-kabu ka tafi da kanka. Kuma ka tuna zazzaɓi a ƙasarmu yana iya zama na cizon sauro, gwaji ne ke rabewa. In kuwa ba ka iya ƙarasa magana sai ka tsaya ka huta, ko ciwon ƙirji ya tsaya bai motsa ba, ko ka fara ruɗewa, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Wanda ya haura shekara 60, ko mai ciwon suga, hawan jini ko asma, ya fi kowa bukatar kira da wuri. A ɗaya gefen kuma, bisa abin da aka sani a 2020, cikin mutum goma da suka kamu, kusan takwas suna warkewa ba tare da ciwon ya yi tsanani ba, kuma alamun sun fi bayyana a kwana na biyar zuwa shida. Kwana 14 iyakar jira ce da aka sa a 2020 don a tabbatar.

Ga abin yi idan firgicin ya taso. Ka zauna, ka ɗora tafin hannu a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka bar cikin ya taso ya tura hannun, kafaɗu suna nan ba su ɗaga ba. Sannan ka sake ta ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Numfashi shida ke nan a minti ɗaya. Ka yi minti biyar. Inda mutane suke kuskure shi ne su riƙa zuƙar iska da ƙarfi don su "cika ƙirji", alhali wannan ƙara jirin yake yi. Fitarwar mai tsawo ita ce ke sassauta bugun zuciya. Kuskure na biyu, jira sai abin ya taso kafin a gwada. Ka yi shi bayan asuba da bayan isha'i kana cikin natsuwa, tare da tasbihinka in ka so, domin jiki ya saba kafin ranar bukata.

Sai barci, wanda a ganinmu shi ne gindin sauran. Wanda bai yi barci ba haƙurinsa gajere ne, yara ne kuma suka fi kusa da shi.

Babba yana bukatar awa 7 zuwa 9. Lokacin tashi ne ke gyara barci, ba lokacin kwanciya ba. Ko ƙarfe nawa barci ya ɗauke ka, ka tashi da asuba, kada ka koma shimfiɗa har hantsi don ramuwa. Rana na fitowa ka fito tsakar gida ka samu minti 20 zuwa 30 cikin haske tun kafin ta yi zafi, domin hasken safe da ke shiga ido shi ne ke saita agogon jiki, ya sa barci ya zo a kan lokaci da dare. Ƙailula tana da kyau a wannan zafi na Afrilu, amma minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar. Wanda ya kwanta daga azahar har kusan magariba ya riga ya cinye barcin darensa.

Shayi fa, Alhaji. Mun san mai zaman gida ba abin da ke ɗebe masa kewa kamar ya hura gawayi ya ɗora buta. Sai dai sinadarin da ke cikin shayi da goro da kofi, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini. Na farkon nan mai ɗaci da aka sha bayan magariba yana aiki har tsakar dare, kuma shi kansa yana sa bugun zuciya da rawar hannu, irin alamun da kake tsoro. Ka mayar da shayinka na safe zuwa azahar. Da yamma a dafa citta ko lemun tsami ba ganyen shayi.

In ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, kada ka yi ta juyi. Tashi ka koma kan tabarma, ka yi zikiri ko ka saurari karatu a hankali, ba tare da hasken salula a fuska ba, sai ido ya yi nauyi ka koma. Dalili shi ne kada kwanya ta haɗa shimfiɗa da zullumi. Ka watsa ruwa kafin ka kwanta, in wuta ta ɗauke ka fito da shimfiɗarka waje, a gefe guda nesa da sauran, cikin gidan sauro. Muna roƙonka kada ka aika a sayo maka ƙwayar barci ko tramol wurin masu tallar magani. Suna kawo sabo cikin ƴan makonni, in aka daina kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Haka ma kulorokin: shan sa ba da umarnin likita ba yana iya rikita bugun zuciya.

Da rana, salloli biyar sun riga sun yanka maka yini, sai ka sa wa kowane tsakani aikinsa. Ka yi wanka ka sa tufafin fita kamar mai zuwa kasuwa. Tsakanin hantsi da azahar lokacin aiki ne: fito da littafin bashi, daidaita lissafin da ka daɗe kana ɗagawa, kira yaronka na rumfa, kira masu ba ka kaya. Bayan la'asar ka zagaya tsakar gida da sauri minti 30, ko minti 10 sau uku. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a mako. Gyaran ƙofa, ɗaurin rumfa, ba dabbobi ruwa, duk suna cikin lissafi.

Tunanin kuɗi ba ya tafiya don an ce a daina shi, domin gaskiya ne. Abin da ke taimako shi ne a ba shi lokacinsa. Ka ware minti 15 da rana, ba da dare ba, ka ɗauki biro ka rubuta: tiya nawa ta hatsi ta rage, jaka nawa cefane ke ci a yini, wa ke binka, wa kake bi. Duk abin da ke da mataki ka rubuta matakin a gefensa. Mai binka bashi, kai ka fara kiransa ka faɗa masa halin da ake ciki ka nemi ɗagin mako biyu. Abin da ba shi da mataki, kamar ranar buɗe iyaka, ka ja masa layi. In tunanin ya dawo da dare, ka ce masa an rubuta shi, gobe za a duba.

Labarai kuma sau biyu a yini, a rediyo, safe da yamma. Saƙonnin murya da ake turawa a WhatsApp, wannan ya ce cutar ƙarya ce, wancan ya ce kowa zai mutu, duka biyun ba su bar mutum ya natsu. Ka kashe ƙarar waɗannan zaurukan. Maimakonsu ka zaɓi mutum biyu ko uku, aboki na fada, ɗan'uwa, wani dattijo da kake jin maganarsa, ku sa lokacin da za ku riƙa waya kullum. Jin murya ya fi rubutu nesa ba kusa ba. Kuma ka riƙa kiran abokin naka da ke kwance, yana bukatarka, kai ma za ka ji sauƙi.

Game da masallaci, zaman da kake yi yana da asali. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kai da ka zauna don kada ka kai wa wani cuta, amana kake riƙe da ita. Tsoron da kake ji bai rage tawakkalinka ba.

Yara suna ganin komai. Sun ga Baba ba ya fita, an ware masa kofi da kwano, ba ya ɗaukarsu, kuma ba wanda ya yi musu bayani. Ƙaramin yaro yakan ɗauka laifi ya yi. Ka zauna a bakin ƙofarka da ƙyallen rufe baki da hanci, su kuma a tabarma, tazarar taku biyu ko uku, ka faɗa musu a sauƙaƙe: akwai ciwo a gari, Baba yana jira a tabbatar ba ya ɗauke da shi, saura kwana tara. Ku zana layi tara da gawayi a bango, kullum bayan magariba ƙaramin ya goge ɗaya. Daga nan inda kake za ka iya karɓar haddar allo, ka duba littafin lakwal, ka yi musu gatana da kacici-kacici. Su ma an rufe musu makaranta, kuma yaro yana bukatar aƙalla awa ɗaya ta guje-guje a yini, don haka hayaniyar nan ba rashin kunya ba ce. In ka ji ranka ya fara tafasa, ka yi shiru, ka tashi ka yi alwala, ka dawo bayan minti biyar. In kuma ka riga ka yi faɗan, ka kira yaron ka ce masa ba shi ne ya jawo ba. Uwargida ma a tambaye ta yadda take: girki, ruwa, yara da tsoro duk suna kanta, ita kuma ba wanda ya ce ta huta.

Maƙwabta tsoro ne ya kore su, ba ƙiyayya ba. Ka kira limaminku ko mai unguwa ka bayyana masa cewa killacewa kariya ce, ba tabbacin cuta ba, ya isar musu. Mai son gaisuwa ya tsaya daga ƙofar zaure, mai kawo saƙo ya ajiye a nan.

Mutane da yawa suna jin sauƙi bayan sun fara wannan tsari, kodayake daren farko da na biyu suna iya yin wuya saboda an rage barcin rana. Amma in baƙin ciki ya zauna kusan kullum har mako biyu, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, abinci ya fita ranka, kana jin kai ba ka da amfani, to ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ka faɗa wa masu bibiyarka, ko ma'aikacin CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su haɗa ka da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin jiha. Addu'a da ruƙiyya ba su hana wannan. In tunanin cewa mutuwa ta fi maka ya taɓa zuwa, ko ka fara jin muryoyi, ko ka yi dare uku a jere ba ka runtsa ba, kada a jira mako biyu: ka faɗa wa uwargida ko ɗan'uwanka a ranar, su kira likita, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera daga gidan, kuma kada a bar ka kai kaɗai. Duk wanda a gidan yake kan maganin farfaɗiya, suga ko hawan jini, a aika a karɓo masa tun bai ƙare ba, kada killacewa ta sa a yanke.