Nauyin Baba Bai Ragu Ba, Me Ya Sa Ake Auna Masa Tsoka?

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 72 yana kwance a asibiti da ciwon dajin hanji. Nas ta ba shi wata na'ura ya matsa, ta kuma zagaya masa sharaɓa da tef. Ta ce tsokarsa suke dubawa, alhali sikeli bai nuna ya rame ba. Mene ne amfanin wannan?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Sikeli yakan yaudare mu a irin wannan ciwo. Ruwa na iya taruwa a ciki ko ƙafafu, kitse ya zauna daram, tsoka kuwa tana zagwanyewa a ɓoye. Tsufa na cin ta, daji na cin ta, kwanciya ma haka: an gwada tsofaffi masu lafiya a Amurka, kwana 10 a gado suka rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. To ina ga mara lafiya?

Abin da ke damunmu shi ne, mai ƙarancin tsoka ya fi shan wuyar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ya fi jinkirin farfaɗowa bayan tiyata, kuma faɗuwa ba ta yi masa wuya.

Na'urar nan ƙarfin damƙa take aunawa. Bisa ma'aunin masanan Turai na 2019, ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace alamar rauni ce. Sharaɓa kuma idan ba ta kai santimita 31 ba, sai a sa ido, kodayake ni ban cika dogara da tef ba idan ƙafa ta kumbura. Akwai kuma tambayoyi biyar da ake kira SARC-F: ɗaukar kaya, tafiya, tashi daga kujera, hawa matakala da faɗuwa. Ana ba da maki gwargwadon wahalar da mutum ke sha a kowanne; maki 4 cikin 10 ya isa a zurfafa bincike. A nan ki taimaka, domin dattawanmu "lafiya lau" suke cewa ko da tashi na gagararsu.

Idan an riga an yi masa hoton CT na ciki, wato hoton da na'ura ke ɗauka mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ki tambaya ko za a iya duba tsokar daga nan, ba sai an sake ɗaukar wani hoton ba. Kafin nan, in likitansa ya yarda, a riƙa tayar da shi yana 'yar tafiya kullum, a ba shi ƙwai, kifi, wake da nono kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In yana da ciwon ƙoda, sai likita ya ƙayyade yawansu.