Tambayarku, Amsarmu: Finafinan kangon asibitin mahaukata, wanne ya fi?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne daga unguwar Birni nan Damagaram. Gardama ce ta ɓarke a fadarmu kan finafinan ban tsoron nan da ake yi cikin tsohon asibitin mahaukata, ni na ce Gonjiam ya fi, abokina ya ce ai kwafin Grave Encounters ne kawai, wani kuma ya kawo Session 9 muka kalla rabinmu sukai barci. Don Allah a raba mu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. To abokinka bai yi ƙarya duka ba. Grave Encounters na Kanada ne, 2011 ya fito, Gonjiam kuma na Koriya ta Kudu, 2018, kuma zubinsu ɗaya, wasu ne suka shiga kango da kamara don neman suna, suna shirya ƙaryar aljanu su ruɗi masu kallo, sai na gasken suka zo. Amma kwafi? A'a. A na Kanada ginin ne da kansa ke cin mutane, sun sa an kulle su na dare ɗaya, suka fasa ƙofar fita sai suka tarar da wani lungun, agogo na cewa rana ta fito amma ta taga duhu ne ƙirin. Wannan dabarar ta burge ni, sai dai fuskokin fatalwar da akai da kwamfuta, bakin nan da ke wagewa, yanzu dariya suke ba ni.

Gonjiam ya fi shi iya lallaɓa mutum. Kowa da kamara tana kallon fuskarsa, kai tsaye suke watsawa a intanet, shugabansu na zaune cikin tanti yana ƙirga masu kallo ko a jikinsa, su kuma suna ta nufar ɗaki mai lamba 402. Wurin da yarinyar nan idonta ya koma baƙi wuluk tana raɗa da sauri sauri, wallahi ni da girmana sai da na aje kofin shayi na leƙa bayana. Asibitin a da akwai shi da gaske, amma ba cikinsa aka ɗauki fim ɗin ba, kuma an rushe shi a 2018 ɗin.

Shi kuwa Session 9 laifinku ne, ba fim ɗin fada ba ne. Na 2001 ne, Brad Anderson ya ba da umarni, kuma cikin ainihin asibitin Danvers na Amurka aka ɗauke shi, wanda aka rufe a 1992, don haka kujerar guragun nan da bangon da fenti ke ɓarewa ba ƙirƙira ba ne. Leburori biyar ne suka karɓi kwangilar kwashe asbesto, wani abu mai lahani ga huhu, cikin sati ɗaya, ɗayansu ya tsinci kaset kaset na hirar likita da wata mara lafiya yana saurare ɗaya bayan ɗaya har na tara. Yawancinsa ma da rana tsaka ne, babu abin da ke faɗo maka, talauci da matsi ne ke cin mai gidan nasu a hankali. Ni shi ya fi daɗewa a raina.

In a fada ne, ana surutu buta na kan wuta, ku sa Gonjiam. Session 9 ka bari sai kai kaɗai, da abin kunne, kuma ka cika batir tukuna kar a ɗauke wuta kana kaset na takwas.