Tambayi Likita: dasashina ya kumbura ya ƙi saɓewa

Salam likita, wata uku kenan dasashina ya kumbura ya yi jajawur, ko buroshi na sa sai jini, an wanke min haƙora na sha Amoxil da Flagyl amma shiru, ga mura da ta ƙi ƙarewa har haɓo nake yi.

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Mafi yawan kumburin dasashi datti ne da ya taru a gindin haƙori, kuma da an wanke yake sauka. Naka da ya ƙi jin magani, ga hanci ya shigo ciki, shi ne ya ɗaga min hankali. Akwai wata cuta da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa ƙananan jijiyoyin jininsa su kumbura, ana ce mata GPA, da can sunan likitan Jamus Friedrich Wegener take amsawa kafin a canza a 2011. Ba kasafai ake samunta ba, amma wani lokacin a baki take fara nuna kanta, dasashi ya yi ja da ƙananan gudaji-gudaji kamar bayan strobari ɗin nan da ake kawowa daga Jos. Hanci da huhu da ƙoda take nema, ita ƙodar ma shiru-shiru take lalacewa ba zafi ba komai. Ban ce ita ce ba fa, daga nan ba zan iya gani ba. Ka je asibitin koyarwa a yi maka gwajin jini na ANCA da gwajin fitsari da hoton ƙirji, sannan a ɗan yanki naman dasashin a duba, kar wannan ya tsorata ka, allurar kashe zafi ake yi. In ita ce akwai magani, prednisolone tare da rituximab ko cyclophosphamide, kuma mutane na samun sauƙi sosai in an kama da wuri. Don Allah ka bar zagayen kemis haka nan.

Likita babanmu ne naman dasashinsa ya yi kauri yana neman rufe haƙora, yana shan maganin hawan jini.

Ku dubo kwalin, in amlodipine ne ko nifedipine to su kan yi haka, phenytoin na farfaɗiya ma haka. Kar Baba ya daina sha da kansa, a koma wajen likitansa ya canza masa wani, sannan a wanke haƙoran.

Ina da ciki wata biyar, in na yi asuwaki sai jini, ko irin waccan cutar ce?

Da wuya hajiya, ciki kansa na sa dasashi ya yi taushi ya riƙa jini, yawanci bayan haihuwa yake lafawa. Ki samu buroshi mai laushi, ki riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ranar awo ki nuna musu.