Digiri nawa ya kamata gaɓoɓin yarona su kai?

Tambaya: Ɗana mai shekara 4 yana da lalurar sandarewar gaɓoɓi da ta samo asali daga raunin ƙwaƙwalwa tun haihuwa. Likitan gashin ƙashi ya auna ƙafafunsa, ya rubuta lambobi a kati. Mene ne ma'aunin lafiyayyar gaɓa, kuma yaushe zan damu?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da aka auna shi ne iyakar inda gaɓa ke kaiwa idan likita ya motsa ta da hannunsa, yaro na kwance a sake. Ana amfani da goniyomita, ma'auni mai hannu biyu da ke nuna digiri.

A lafiyayyen jiki, kwatangwalo yana lanƙwasuwa zuwa digiri 120, cinya kuma tana buɗewa gefe zuwa 45. Gwiwa tana miƙewa sambal a kan sifili, ta lanƙwashe zuwa kusan 135. Idon sawu yana ɗaga ƙafa sama zuwa 20, ya saukar da ita zuwa 50. Gwiwar hannu tana kaiwa 150, wuyan hannu yana komawa baya zuwa 70. Ƙananan yara sukan ɗan zarce haka.

Wurare biyu ne muka fi sa wa ido. Na farko buɗewar cinya. Idan ta sauko zuwa 30 ko ƙasa a yaro mai iya tafiya, naman cikin cinya yana jan ƙashin cinyar, kuma a hankali kan ƙashin zai iya zamewa daga gurbinsa a kwatangwalo ba tare da yaro ya yi kukan ciwo ba. Awo da hannu ba ya gano zamewar, sai hoton ƙashi, musamman ga yaron da ba ya tafiya.

Na biyu idon sawu. Ana auna shi sau biyu, gwiwa a lanƙwashe, sannan a miƙe. Idan ƙafa ta ɗagu sosai a na farko amma ta ƙi a na biyu, naman bayan ƙwauri da ya haye gwiwa ne ya takure, shi ke sa yaro tafiya a kan yatsu. Dole mai awo ya riƙe diddige daidai, in ba haka ba tsakiyar tafin ƙafa ne zai lanƙwashe, a samu lambar ƙarya.

Ki tambayi likita ko ya gwada da sauri da kuma a hankali. Idan gaɓa ta cije a saurin motsi amma ta wuce a hankali, tauri ne daga saƙon ƙwaƙwalwa, kuma takalmin gyara, miƙa gaɓa ko allura kan taimaka. Idan ta tsaya wuri guda ko ta yaya, naman ya riga ya gajarce, wani lokacin sai filasta ko tiyata.

Bambancin digiri 5 tsakanin awo biyu ba abin tashin hankali ba ne. Raguwar da ke ci gaba ce abin lura, don haka ki adana katin, a maimaita awon duk wata 6, zai fi kyau a hannun mutum ɗaya. A gida kada a danna gaɓa da ƙarfi, domin ƙashin yaron da ba ya tsayuwa yana saurin karyewa.